Tikitin babban kamfani, jirgin ƙaramin kamfani: wanne ya fi wa matafiyin Damagaram?

Idan ka shiga ajans a nan Damagaram kana neman tikitin Fas, ko Ankara, ko wani gari na can cikin Amurka, ba farashi ɗaya za a ajiye maka ba. Yaron da ke gaban kwamfuta zai juyo maka da allon ya ce, "Alhaji, ga wannan, ga kuma wannan, ka ga bambancin kuɗinsu." Yawancinmu abu biyu muke dubawa, sunan kamfani da yawan sefa. Amma akwai wani ɗan layi a ƙarƙashin lambar jirgi, da ƙananan baƙaƙe, inda aka rubuta "opéré par" ko "operated by", sannan sunan wani kamfani da watakila ba ka taɓa ji ba. Wannan kamfanin shi zai ɗauke ka. Nasa ne jirgin, nasa ne matuƙan, ko da fentin da ke jikin jirgin na babban kamfani ne. Ina so in zauna a kan wannan layin, domin mutanenmu da yawa suna gudun abin da bai kamata su guda ba, suna kuma rungumar abin da zai kwana da su a filin jirgi.

Mu fara da inda abin ya fi ƙarfi, wato Amurka, tunda akwai ƴan Nijar masu yawa da ke zaune a Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa, kuma masu takardun zama a can suna zuwa gida suna komawa. Mai tafiya Girinsboro daga Yamai sai ya fara sauka wani babban gari kamar Niyok ko Washinton, daga nan ya hau ƙaramin jirgi. A jikin ƙaramin za ka ga an rubuta United Express, ko American Eagle, ko Delta Connection. Waɗannan ba kamfanoni ba ne, sunaye ne kawai. Masu aikin su ne irin su SkyWest, kamfanin da aka kafa a 1972 a jihar Yuta, wanda ke da jirage wajen 500 kuma yana yi wa United da Delta da American da Alaska aiki duk a lokaci ɗaya. Akwai Republic, shi ma mai zaman kansa. Akwai kuma waɗanda manyan suka mallaka kacokan: Endeavor na Delta ne, Envoy da PSA da Piedmont na American ne.

Yarjejeniyar da ke tsakaninsu ita ce zuciyar maganar. Babban kamfani ya saye kujerun jirgin gaba ɗaya. Shi ke tsara lokacin tashi, shi ke sa farashi, shi ke sayar da tikiti, kuɗin fasinja aljihunsa suke shiga. Ƙaramin kamfani ana biyansa ladan tashi ne, jirgin ya cika ko bai cika ba. Saboda haka kai fasinja na babban kamfani ne ta kowace fuska. Dokar kayansa ce a kanka, akwatinka zai wuce da lamba ɗaya, idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi ya bar ka, shi zai sa ka a wani ba tare da ka ƙara ko dala ba. Abin da ya sa jiragen ba su wuce kujera 76 kuwa, ƙungiyoyin matuƙan manyan kamfanoni ne suka sa wannan iyaka a cikin yarjejeniyarsu ta aiki, don kada a kwashe musu hanyoyi a ba masu ƙaramin albashi. Shi ya sa ƙananan jirage irin su Embraer 175 da CRJ900 suka cika filayen Amurka.

Haka abin yake a wasu ƙasashe da ɗan bambanci. A Kanada Jazz ne ke tashi da sunan Air Canada Express. A Faransa akwai HOP, wanda aka haɗa a 2013 daga ƙananan kamfanoni uku, yana tashi da jiragen Embraer a madadin Air France. A Amstadam KLM Cityhopper ne. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Royal Air Maroc Express, mai jiragen farfela ATR 72 da ke rarraba fasinja daga Kazablanka zuwa garuruwan cikin Maroko.

A ganina, wannan rukunin shi ne mafi kwanciyar hankali a duk abin da za a nuna maka a ajans, in dai a tikiti ɗaya yake da doguwar tafiyarka. Tsoron da ake yi masa yawanci tsoron ido ne. Mutum ya ga farfela sai gabansa ya faɗi, yana zaton tsohon jirgi ne. ATR har yau ana ƙera shi a Tulus, kamfanin Airbus da Leonardo na Italiya ne suka mallake shi tare, kuma injinsa dangin injin manyan jirage ne, sai dai an ɗaura masa farfela domin a gajeriyar tafiya ya fi cin mai kaɗan. Gudunsa wajen kilomita 500 a awa ne, manyan kuwa suna haura 800. A tafiyar kilomita ɗari uku wannan bambancin ƴan mintoci ne.

Ba zan ɓoye cewa an taɓa samun rauni a wannan fanni ba. A watan Fabrairu na 2009 wani jirgin Colgan Air, da ke tashi da sunan Continental Connection, ya faɗi kusa da Bafalo, mutum 50 suka rasu. Bincike ya nuna kuskuren matuƙa, ya kuma tono maganar horo da gajiya da ƙarancin albashi a ƙananan kamfanoni. Iyalan mamatan da yawa sun ɗauka jirgin Continental ne ƴan'uwansu suka hau. Bayan wannan Amurka ta yi doka, daga 2013 mataimakin matuƙi sai ya tara awa 1,500 na tuƙi kafin ya ɗauki fasinja, alhali a da 250 sun isa. An kuma matsa wa masu sayar da tikiti su riƙa bayyana wanda zai tuƙa jirgin tun a shafin farko. Wannan ɗan layin da muke tsallakewa, da rayukan mutane aka ƙarfafa shi.

Inda ƙaramin jirgi ya gaza da gaske wurin kaya ne, mu kuwa mutanen kaya ne. A CRJ ma'ajin da ke saman kai ƙanƙane ne, jakar hannu mai taya ba ta shiga. A bakin ƙofa ma'aikaciya za ta ɗaura mata wata ƴar takarda mai launi, ta karɓe, a sa ta a ma'ajin akwatuna na jirgin, sai kun sauka ka tsaya a gefen matakala ko a bakin ƙofa har a miƙo maka. Idan fasfo, ko maganin hawan jini, ko kuɗin sari suna ciki, ka ciro su kafin ka miƙa. A ATR ta ƙofar baya ake shiga, domin ma'ajin kaya yana gaba, tsakanin matuƙa da fasinja, kuma ba shi da faɗi. Ga wani abu da mu ƴan ƙasar zafi ya kamata mu sani: iska mai zafi ba ta ɗaukar jirgi kamar mai sanyi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, jirgi cike da mutane yana iya rage nauyi kafin ya tashi, kuma akwatuna ake fara saukewa. Ɗan kasuwa mai akwati huɗu da ƙunshin atamfa, idan ya sami babban jirgi a hanya ɗaya, ko da zai jira awa biyar, ya jira. Embraer 175 ya fi sauran sauƙi, ma'ajinsa ya fi girma, kujerunsa bibbiyu ne a kowane gefe, babu ta tsakiya. Da a ce ni kaɗai ne da jaka ɗaya, na fi son sa a kan Boeing 737 mai kujeru uku-uku.

Abu na biyu da ke rage masa daraja: ranar da yanayi ya lalace a babban fili aka rage yawan tashi, babban kamfani ne ke zaɓen wanda za a soke, kuma ya fi masa sauƙi ya soke mai mutum 70 da ya soke mai 180. To ko a nan, mai tikiti ɗaya ba ya asara sai ta lokaci.

Yanzu mu zo ga wanda muka fi hawa daga Yamai, wato ASKY. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙaramin Ethiopian ne, amma ba haka tsarinsa yake ba. Kamfani ne mai cin gashin kansa, cibiyarsa Lome, ya fara tashi a watan Janairu na 2010 don cike gurbin da Air Afrique ya bari bayan rushewarsa a 2002. Ethiopian yana da hannun jari mai kauri a cikinsa kuma ya riƙe masa ragamar gudanarwa bisa yarjejeniya, amma ASKY da sunansa yake tashi, da lambarsa KP, da jiragensa Boeing 737. Abin da ke tsakaninsu raba lamba ne: jirgi ɗaya, ASKY na sayar da kujerunsa da KP, Ethiopian na sayar da wasu da ET. ASKY ya tattaro fasinja daga biranen Afirka ta Yamma ya zube su Lome, inda manyan jiragen Ethiopian ke tashi zuwa Adis Ababa da Amurka.

Bambancinsa da na farko a aikace shi ne kana da iyayen gida biyu. Wajen awo a Yamai ma'aikatan ASKY za ka gani, wajen neman canjin rana kuwa wanda ya yanka tikitin za ka koma wa. Zaɓen kujera ta intanet wani lokaci ba ya yiwuwa sai da lambar ajiya ta kamfanin da ke tuƙa jirgin, don haka ka roƙi ajans ya ba ka lambobin biyu. Amma alherinsa babba ne. Jirgin babba ne, kaya suna shiga, kuma muddin tikiti ɗaya ne, alhakin kai ka inda za ka yana wuyansu. Ka dai duba ko jirgin yana yada zango a wani birni kafin Lome, domin hakan na cinye lokacin da kake zaton kana da shi na canjin jirgi.

Masu zuwa Turkiyya sari ko neman magani ko karatu su lura da wani abu daban. AnadoluJet a da reshe ne na Turkish Airlines, a tikiti ɗaya ake haɗa su ba wahala. Daga ƙarshen Maris na 2024 ya koma AJet, kamfani mai araha da lambarsa ta kansa da dokar kayansa, kuma a Istanbul daga filin Sabiha Gökçen yake tashi, can ɓangaren Asiya. Jirgin da ya kawo ka daga Yamai kuwa babban filin da ke ɓangaren Turai yake sauka. Tsakanin filayen biyu tafiyar fiye da awa ɗaya ce a mota, da kayanka a hannu, kuma sai ka shiga ƙasar da biza. Duk araharsa, ga mara lafiya ko baƙon da bai san gari ba, ban ga ribarsa ba.

Akwai kuma haya. Kamar yadda kamfanin kar ke yi a jajibirin salla idan fasinja sun yi masa yawa, ya ɗauko motar wani da direbanta ya zuba mutanensa, haka kamfanonin jirage ke hayar jirgi da matuƙansa da ma'aikatansa na ƴan watanni. A lokacin aikin Hajji abin ya zama ruwan dare, alhazai su shiga farin jirgi marar zane su ga ma'aikata Turawa. Mu nan ba baƙonmu ba ne: Niger Airlines da ya fara jigila a 2014 tsakanin Yamai da Damagaram da Agadas da sauran garuruwa, da jiragen Fokker 50 masu kujera 50 ya fara, na haya daga kamfanin jiragen Falasɗinu. A irin wannan, wanda ya sayar maka da tikiti shi ne abokin maganarka, mai jirgin ɗan kwangila ne.

Duk waɗannan ba su ne abin tsoro ba. Abin da ke cutar da mutanen Damagaram shi ne tikiti biyu da aka jera kamar ɗaya. Ajans, ko wani shafin intanet, ya yanka maka Yamai zuwa Kazablanka a wani kamfani, ya yanka maka ci gaban tafiyar a wani kamfani mai araha, ya buga su a takarda ɗaya, jimillar ta fi sauƙi. A ido babu bambanci. A doka kuwa tafiya biyu ce da ba su san juna ba. Jirgin farko ya makara, na biyu ya ɗauke ka wanda bai zo ba, kuɗinka sun tafi, wani lokaci har da tikitin dawowa na wannan kamfanin. Akwati biyu masu kilo 23 da aka saba ba mu a hanyoyin Afirka, a tikiti ɗaya suna bin ka har ƙaramin jirgi na ƙarshe. A tikiti na daban, kamfanin araha na iya ba ka jakar hannu kawai, kowane akwati ka biya shi a filin jirgi da tsada. Sai ka ga rangwamen da aka yi murna da shi ya narke tun kafin a tashi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: lambar tikiti tana da alƙaluma 13. Ka ce wa yaron ajans, "Malam, nuna mini lambar tikitin, duk jiragen nan a ƙarƙashinta suke?" Idan ya nuna maka lamba daga wannan kamfani da wata daga wancan, kowace da lambar ajiyarta, to biyu ne.

Sai dai mu Damagarawa, ko mun so ko mun ƙi, ƙafar farko ta tafiyarmu a yadda aka saba daban take. Ko ka hau jirgin cikin gida zuwa Yamai, ko ka bi kar ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kilomita wajen 900, ko ka gangara Kano ta Matamaye da Daura, wajen 240. Babban kamfanin da ke jiranka bai san da wannan ƙafar ba kuma ba ruwansa da ita. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kaɗai ya isa ya hana jirgi sauka. Saboda haka kada ka yarda a haɗa maka jirgin Damagaram na safe da jirgin waje na daren ranar. Ka isa Yamai da kwana ɗaya a gaba, a lokacin hazo ma biyu. Kuɗin masauki ko nauyin da za ka ɗora wa ɗan'uwa na dare ɗaya bai kai rubu'in sabon tikiti ba. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, kuma Ethiopian da EgyptAir da Qatar Airways suna sauka can, ga jiragen Saudiyya ga masu Umra. Raunin wannan hanya iyaka ce. Mun gani da idonmu an rufe ta daga Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda zai yanki tikiti wata uku kafin tafiya ya sa wannan a lissafi, ya ɗauki wanda ake iya canza masa rana.

Wani lokaci ma zaɓin ba tsakanin jirgi da jirgi ba ne. Masu zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas suna sauka Kazablanka, kuma akwai tashar jirgin ƙasa a cikin filin jirgin kanta. Ka shiga zuwa cikin gari ka canza, wajen awa huɗu daga nan kana Fas. Idan jiran ƙaramin jirgi zai kai awa shida ko bakwai, matashi mai jaka ɗaya jirgin ƙasa ya fi masa. Ayarin dattawa da akwatuna kuwa gara su zauna su jira, kayansu su wuce da kansu, kada a yi ta hawa da sauka da su a tasha.

Idan kaya suka ɓata, kada ka yarda a riƙa tura ka daga wannan tebur zuwa wancan. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda yawancin ƙasashe suka shiga, ta ce fasinja na da damar bin wanda ya sayar masa da tikiti ko wanda ya tuƙa jirgin. Kafin ka fita daga zauren ɗaukar kaya ka sa a cika maka takardar rahoto, ka riƙe ƴar lambar akwati da aka manna a bayan tikitinka. Akwatin da ya fashe, kwana 7 gare ka ka rubuta koke. Wanda ya makara, kwana 21 daga ranar da aka kawo maka shi. Diyyar tana da iyaka, kusan dalar Amurka 2,000 ga kowane fasinja, komai yawan abin da ke ciki, don haka zinariya da wayoyin sari ba wurinsu ba ne. Turai na da tata doka ta 2004 mai ba da diyyar Yuro 250 ko 400 ko 600, gwargwadon nisa, idan an soke jirgi ko ya makara awa uku da laifin kamfani. Tana aiki a kan duk jirgin da ya tashi daga Tarayyar Turai, amma mai shigowa sai in kamfanin na Turai ne. Tunda Air France ya daina zuwa Yamai a Agusta na 2023, yawancinmu da kamfanonin Maroko da Turkiyya da Habasha muke tafiya, wato a dawowa ne kawai wannan doka za ta amfane mu. Mai shiga Amurka kuma ya tuna cewa ko da tikiti ɗaya ne, a filin farko ake ɗaukar akwati a wuce da shi wurin duwan, sannan a sake miƙa shi. Awa biyu tsakanin babban jirgi da ƙarami ba su isa ba, ka nemi uku ko huɗu.

Wanda na fi tausaya wa a duk wannan shi ne ɗan da ke yanka wa mahaifiyarsa tikiti daga nesa, ita kuma za ta yi tafiyar ita kaɗai. Ƙananan jirage sau da yawa ba sa jingina da ginin fili. Mota ce ke kwasar fasinja zuwa gindin jirgi, a hau matakala mai tsayi, da rana ko da sanyin hunturun Turai. Ga Hajiya mai ciwon gwiwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan akwai babban jirgi da ke zuwa garin kai tsaye daga inda za ta canza, a biya ƙarin kuɗin. Idan babu, a sa ajans ya rubuta mata buƙatar keken guragu a cikin tikitin, aƙalla awa 48 kafin tafiya, kuma a faɗa masa a fili ko tana iya hawa matakala ko ba ta iyawa, domin taimakon da ake tanada wa kowanne daban ne. A tikiti ɗaya wannan buƙata tana bin ta daga Yamai har ƙaramin jirgi na ƙarshe, ma'aikaci ya miƙa ta ga ma'aikaci. A rubuta mata sunan kamfanin da zai tuƙa kowane jirgi da manyan baƙaƙe a takarda, da lambar wayar mai tarbarta, a sa a jakar da ba za ta rabu da hannunta ba.